An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Amurka, Bindiga Da Kundin Sunayen Sirri

Akwai wata magana da 'yan siyasar Amurka ke zaro ta daga aljihu duk lokacin da wani ya ɗauki bindiga ya buɗe wa bayin Allah wuta, musamman idan aka ji sunan mai harbin ya yi kama da namu. Maganar ita ce, wai duk wanda gwamnati ta ga haɗarinsa ya kai a hana shi hawa jirgin sama, to ai bai kamata a bar shi ya shiga kanti ya sayi bindiga ba. Duk wanda ya ji wannan magana karon farko sai ya gyaɗa kai, domin ta zauna daram a kunne. Shugaba Obama ya faɗe ta a jawabin da ya yi wa 'yan ƙasarsa ranar 6 ga Disamba, 2015. A muhawarar farko da Hillary Clinton da Donald Trump suka yi cikin Satumbar 2016, mutum biyun da ba sa ga maciji da juna, wannan na cikin 'yan abubuwan da bakinsu ya zo ɗaya a kai. To ni dai ban yarda da ita ba, kuma yanzu zan faɗi dalilina.

Amma kafin nan kada mai karatu ya ɗauka ina cikin masu son bindiga. Sam. Abin da ke faruwa a Amurka game da bindiga annoba ce, ba ta da wani suna da ya wuce wannan. A ƙiyasin da aka fitar a 2018, bindigogin da ke hannun farar hula a ƙasar sun kai miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa, har da jarirai da tsofaffin da ke kwance. A shekarar 2021 kaɗai mutum 48,830 ne bindiga ta yi ajalinsu, ka ga kenan sama da mutum 130 kowace rana ta Allah, kuma fiye da rabinsu su ne suka juya bakin bindigar suka harbe kansu. A Disambar 2012 wani matashi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook ya kashe yara 20 da manya 6, yara 'yan shekara shida da bakwai. Ƙasar da irin wannan ke faruwa a cikinta dole ta nemi magani. Rigimata da su ita ce irin maganin da suka ɗauko.

Wani abu da ya kamata mu fara fahimta, domin ya saɓa da abin da muka sani a nan gida, shi ne matsayin bindiga a dokarsu. A Nijeriya riƙe bindiga alfarma ce, sai hukuma ta ba ka lasisi, in ta ga dama ta hana, kuma ba ka da ta cewa. A Amurka kuwa haƙƙi ne da aka rubuta cikin tsarin mulki tun 1791, a gyara na biyu, kuma a 2008 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa haƙƙin na kowane mutum ne shi kaɗansa. Ko muna ganin wautarsu ko ba ma gani, haka abin yake. Sannan a cikin waɗannan gyare-gyare na 1791 ɗin dai akwai na biyar, wanda ya ce ba a raba mutum da ransa ko 'yancinsa ko dukiyarsa sai an bi ƙa'idar shari'a. Ma'ana a gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi, a nuna masa hujja, a ji ta bakinsa, sannan wani wanda ba shi ne mai ƙara ba ya yanke hukunci. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ko a gaban alƙalin ƙauye, mai ƙara shi ke kawo shaida, kuma ba a yanke wa mutum hukunci yana gona bai san ana yi ba.

Ba wai dokar Amurka ba ta hana kowa sayen bindiga ba ne. Tun 1968 akwai rukunin mutanen da aka haramta wa, daga baya aka yi ta ƙarawa: wanda kotu ta taɓa samu da babban laifi, wanda ya gudu daga hannun shari'a, wanda hukuma ta tabbatar yana da taɓin hankali, wanda aka samu da laifin dukan matarsa, da sauransu. Tun 1998 kuma duk mai kantin bindiga mai lasisi sai ya tura sunan mai saye ga hukumar FBI an duba kafin ya miƙa masa. In ka lura da akasarin waɗannan rukunai za ka ga akwai takarda a ƙasa, akwai ranar da aka zauna, akwai hukuncin da mutum zai iya ɗaukaka ƙara a kansa. Abin da ake son ƙarawa yanzu wani iri ne daban, wato wanda wani jami'i ya yi zato a kansa.

Tunanin ba na jam'iyya ɗaya ba ne. Ma'aikatar shari'a ta gwamnatin George Bush ƙarami ta kai shi majalisa a 2007, ya kwanta. Da aka kai harin San Bernardino ranar 2 ga Disamba, 2015, aka kashe mutum 14, washegari Sanata Dianne Feinstein ta kawo shi gaban Majalisar Dattawa, ya faɗi da ƙuri'a 45 da 54. Da Omar Mateen ya kashe mutum 49 a wani gidan rawa a Orlando ranar 12 ga Yuni, 2016, sai abin ya dawo da ƙarfinsa. Sanata Chris Murphy ya tsaya yana magana kusan awa 15 don a tilasta jefa ƙuri'a. Aka jefa ranar 20 ga Yuni, ya sake faɗuwa. Sanata Susan Collins ta kawo wani na sasantawa, ya samu 52, alhali 60 ake nema. Har yau bai zama dokar tarayya ba, amma kuma bai mutu ba, kwanciya yake yi yana jiran gawa ta gaba.

Masu goyon bayansa suna da hujja guda mai nauyi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisarsu ya ƙirga cewa daga Fabrairun 2004 zuwa ƙarshen 2015, sau 2,477 aka duba sunan wani da ke cikin kundin waɗanda ake zargi da ta'addanci yana neman sayen makami, kuma sau 2,265 aka bari cinikin ya wuce. Kashi 91 cikin ɗari kenan. In ka ji haka sai gabanka ya faɗi. Sai dai abin tambaya a nan shi ne, su wane ne a cikin wannan kundi, kuma ta wace ƙofa ake shiga?

Ranar da aka kai harin 11 ga Satumba, 2001, mutum 16 ne kacal a jerin waɗanda aka hana hawa jirgi a Amurka. A 2003 aka kafa cibiya ta musamman ƙarƙashin FBI don haɗa duk sunayen da ake sa wa ido wuri guda. Babban kundi ke nan, jerin hana hawa jirgi kuwa ɗan yanki ne a cikinsa. Abin da ya sa ya kumbura sosai yana da alaƙa da mu kai tsaye. A Nuwambar 2009 Alhaji Umaru Mutallab ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya shaida musu cewa yana tsoron hanyar da ɗansa Umar Faruk ya ɗauka. Aka rubuta sunan yaron a wata ma'ajiya mai sunaye sama da rabin miliyan, ba a sa shi cikin jerin hana hawa jirgi ba, ba a kuma soke bizarsa ba. Ranar Kirsimetin shekarar ya hau jirgi daga Amsterdam zuwa Detroit da bam a kamfai. Allah Ya taƙaita, bam ɗin bai tashi yadda ya so ba. Wannan abin kunya ya sa hukumomin Amurka suka sassauta sharuɗɗan sa suna, har ta kai rahoton mutum ɗaya ya isa in an ga ya yi kama da gaskiya. Mu ma mun sha namu rabon, domin a Janairun 2010 an sa Nijeriya cikin ƙasashe 14 da ake yi wa matafiyansu binciken ƙwaƙwaf, kafin a janye tsarin cikin Afrilu. Jerin hana hawa jirgi da bai wuce mutum dubu huɗu ba a ƙarshen 2009 ya kai 47,000 a 2013, ya kai kimanin 81,000 a 2016. Babban kundin kuwa ya haura mutum miliyan ɗaya a 2017, kuma rahotannin ƙarshen 2023 sun ce ya doshi miliyan biyu.

Ka lura da darasin da suka ɗauka. Uba ya kawo musu sahihin labari a kan ɗan cikinsa, labarin ya nutse cikin tarin sunaye ba wanda ya bi ta kansa. Maimakon su gyara yadda ake tantancewa, sai suka ƙara tarin.

A 2014 wata jarida ta fallasa littafin ƙa'idojin da jami'ai ke bi wajen sa suna. Abin da ake buƙata shi ne zato mai ɗan dalili. Littafin da kansa ya nuna ba lallai sai da tabbatacciyar hujja ba. Ana iya sa ka saboda dangantakarka da wani da aka riga aka sa, ana iya sa ka saboda abin da ka rubuta a Facebook. Babu alƙali a ko'ina cikin tafiyar. Ba a aiko maka da takarda. Ranar da za ka sani ita ce ranar da ka je filin jirgi da jakarka, ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta ɗago ta dube ka, ta ɗauki waya. A takardun da aka fallasa a shekarar, cikin mutum 680,000 da ke babban kundin a lokacin, kimanin 280,000 gwamnati da kanta ta rubuta cewa ba a san su da wata ƙungiyar ta'addanci ba.

Na san wani zai ce ruwa ba ya tsami banza, in dai an sa ka to akwai abin da ka yi. Bari in ba shi labarin Rahinah Ibrahim. 'Yar ƙasar Maleshiya ce, uwar 'ya'ya huɗu, tana karatun digirin digirgir a Jami'ar Stanford. Ranar 2 ga Janairu, 2005 ta je filin jirgin San Francisco tare da 'yarta za ta tafi wani taron ilimi, ba ta daɗe da tashi daga tiyata ba, har sai da ta nemi a tura ta a keken marasa lafiya. A gaban 'yar tata aka buga mata ankwa aka tafi da ita. Bayan awa biyu aka sake ta, washegari aka bar ta ta tashi, amma da ta isa gida sai aka soke bizarta, ta kasa komawa makaranta, daga nesa ta ƙarasa karatun. Ta shigar da ƙara. Shekara takwas ana fafatawa. Gwamnati ta bi duk hanyar da za ta bi don kada a yi shari'ar, har manyan jami'ai suka sa hannu a takardar rantsuwa cewa in aka faɗi dalilin sa sunanta tsaron ƙasa zai shiga haɗari. Da aka zo zaman shari'a a Disambar 2013, 'yarta da aka kira shaida, wadda haifaffiyar Amurka ce, ita ma aka hana ta hawa jirgi daga Maleshiya.

To mene ne wannan babban sirri na tsaron ƙasa? A farkon 2014 hukuncin Mai Shari'a William Alsup ya fito da shi fili. Wani jami'in FBI ne a Nuwambar 2004 ya zo cike fom, shi kuwa fom ɗin a baibai aka tsara shi, ana so ka sa alama a gaban jerin da ba ka so a sa mutum a ciki. Bawan Allah bai karanta da kyau ba, ya cike shi a juye. Shi ke nan. Ba bam, ba waya da wani, ba komai, kuskuren biro. Gwamnati da bakinta ta amsa a kotu cewa matar ba ta da wani haɗari ga kowa. Wallahi ko mu da muke ƙaga labari, in na rubuta haka a littafi sai masu karatu sun ce na cika ƙarin gishiri. Kuma fa ita ta yi sa'a, domin ta samu lauyoyin da suka tsaya mata ba ta biya ba, aikin da kuɗinsa ya haura dala miliyan uku. Direban tasi da ke Brooklyn ina zai samo wannan?

Manya ma ba su tsira ba. A Maris ɗin 2004 sau biyar ana tare Sanata Ted Kennedy a filin jirgi, mutumin da babu wanda bai san fuskarsa ba a Amurka, saboda wani suna mai kama da nasa da ke jerin. Sai da ya kira ministan tsaron cikin gida da kansa, kuma duk da haka aka ɗauki sama da mako uku kafin a warware. A shekarar dai aka karkatar da jirgi sukutum da ya taso daga Landan zuwa jihar Maine don a sauke mawaƙin nan Yusuf Islam. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne John Lewis, ɗan majalisa baƙar fata, abokin gwagwarmayar Martin Luther King, wanda 'yan sanda suka fasa wa kai a gadar Selma a 1965. Ofishinsa ya ce a cikin shekara guda an tare shi a filin jirgi sau 35 zuwa 40 saboda sunansa ya yi daidai da na wani. Shi ne kuma a Yunin 2016 ya jagoranci 'yan jam'iyyarsa suka zauna dirshan a ƙasan zauren Majalisar Wakilai kusan awa 26, suna neman a jefa ƙuri'a a kan dokoki biyu, ɗaya daga ciki ita ce wannan ta hana na cikin jerin sayen bindiga. Ina girmama dattijon, Allah Ya sani, kuma na san zafin gawarwakin Orlando ne ya zaunar da shi. Amma wanda ya ɗanɗana wannan kundi sau arba'in shi ya fi kowa cancantar ya ce a'a.

Kuskure ma da sauƙi. Akwai inda ake amfani da jerin da gangan a matsayin bulala. Muhammad Tanvir direban babbar mota ne mazaunin Niyok. A ƙarar da ya shigar tare da wasu Musulmi, ya ce jami'an FBI sun nemi ya zama infoma a cikin jama'arsa, da ya ƙi sai ya tsinci kansa a jerin, ya rasa aikinsa, ya kasa zuwa Pakistan duba mahaifiyarsa da ba ta da lafiya. Ana dab da zaman kotu a 2015 aka aiko musu cewa yanzu suna iya tashi. A Disambar 2020 Kotun Ƙoli ta yarda baki ɗaya cewa suna da damar neman diyya daga jami'an, ko da yake daga baya ƙananan kotuna sun ce jami'an na da kariya, aka tashi ba ko sisi. Haka Yonas Fikre, ɗan ƙasar Amurka ɗan asalin Eritiriya, wanda ya ce a 2010 an gayyace shi ofishin jakadancin Amurka a Sudan, jami'ai biyu suka ce masa sunansa na jerin, amma in zai riƙa kawo musu rahoton masallacin da yake salla a Portland za a iya duba lamarin. Ya ƙi. Sai 2015 ya samu komawa gida, shi ma a jirgin shata da gwamnatin Suwidin ta ɗauka. A 2016 aka cire sunansa ba bayani, gwamnati ta ce to ai magana ta ƙare, a kori ƙarar. A Maris ɗin 2024 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka ce ba ta ƙare ba, tunda ba wanda ya ba da tabbacin ba za a mayar da shi gobe ba. To jami'in da yake riƙe da wannan bulala, shi ake so a ƙara wa wata a ɗaya hannun.

Kada kuma mu yi wa juna ɓoye-ɓoye a kan su wa abin zai faɗa wa. Mafi yawan sunayen da ke kundin na baƙi ne da ke wasu ƙasashe, waɗanda dama ba su da hanyar shiga kantin bindiga a Amurka. Waɗanda dokar za ta taɓa su ne 'yan ƙasa da masu takardar zama, kimanin mutum 4,600 a lissafin 2017. A takardun 2014 ɗin nan, garin da ya zo na biyu bayan Niyok wajen yawan waɗanda ake sa wa ido shi ne Dearborn a jihar Michigan, ɗan gari mai mutum kusan dubu ɗari, wanda abin da aka san shi da shi kawai shi ne yawan Larabawa da Musulmi. A Janairun 2023 wata mai kutsen kwamfuta a Suwizalan ta ci karo da kwafin jerin na 2019 a ajiye ba kulle a na'urar wani ƙaramin kamfanin jiragen sama, layi kusan miliyan ɗaya da rabi har da sunayen laƙabi. Ƙungiyar Musulmin Amurka ta CAIR ta bi sunayen ta ce sama da kashi 98 cikin ɗari na Musulmi ne. Shi ya sa dokar ke da daɗin faɗa a bakin ɗan siyasa. Ba ta taɓa mafarauci farar fata da ke Teksas mai bindiga goma sha biyu a ɗaki, wanda ke da ƙuri'a da ƙungiya da kuɗi. Tana taɓa mutanen da ba wanda zai faɗi zaɓe saboda su.

Sannan a zo ga babbar tambaya, shin da dokar tana nan da ta hana kashe-kashen da ake kafa hujja da su? Mata da mijin da suka kai harin San Bernardino ba sa cikin kowane jeri, manyan bindigogin ma maƙwabcinsu ne ya saya. Omar Mateen an taɓa sa shi lokacin da FBI ta bincike shi wata goma daga 2013, ba su samu abin kama shi ba, suka rufe fayil suka cire sunansa a 2014, ga shi kuma mai gadi ne a kamfanin tsaro, da lasisin riƙe bindiga a aljihunsa. Da aka nuna wa masu dokar wannan giɓi sai suka ƙara cewa to har wanda aka taɓa bincika cikin shekara biyar da suka wuce a riƙa ɗaga masa tuta. Wato ko an bincike ka an wanke ka, wankin bai fita ba. Je ka sauran kuma: wanda ya kashe baƙaƙen fata 9 a coci a Charleston a 2015, wanda ya harbe mutum kusan 60 daga tagar otal a Las Vegas a 2017, wanda ya kashe 17 a makarantar Parkland a 2018, wanda ya kashe yara 19 da malamai 2 a Uvalde a 2022. Wannan doka ba ta da abin da za ta ce da ko ɗayansu. Balle dubban da ke harbe kansu a ɗaki, da matan da mazajensu ke kashewa, da samarin unguwa da ke faɗuwa kowane dare.

Ga kuma wata ƙofa a buɗe hanhai. Dokar tarayya masu kanti kawai ta wajabta wa duba sunan mai saye. A jihohi da yawa, in mutum zai sayar wa wani bindigarsa hannu da hannu, ba ruwan kowa. Saboda haka ɗan ta'addan gaske, wanda ya san ana nemansa, ba zai je kanti ya ba da sunansa ba tun farko. Dokar da za ta rage wannan ƙofa, wadda ta shafi kowa da kowa ba tare da duba suna ko addini ba, an kawo ta bayan Sandy Hook a Afrilun 2013, ta samu ƙuri'a 54, ta mutu. Jakin ke nan, kowa na ganinsa tsaye, amma yana da masu gida, ƙungiyar masu bindiga ta NRA da kamfanonin da ke ƙerawa. Sai aka koma kan taiki.

Wani hanzari ba gudu ba, jami'an tsaro suna da tasu damuwar ta gaskiya. Sukan ce in aka tilasta mana kai hujja kotu za mu tona asirin wanda ya ba mu labari, kuma wanda muke bi zai farga. Na ji wannan. Amma ai tun 2004 duk lokacin da na cikin kundin ya je sayen bindiga a kanti, FBI na samun labari nan take, suna iya bin sawunsa. Hana shi a gaban kanta ma shi ne zai sanar da shi cewa ana kallonsa. In kuwa hujjar da ke hannunsu ta kai ta a ce mutum na shirin kisa, to maganar ta wuce a hana shi sayayya a bar shi ya koma gida ya nemi wuƙa ko mota, kama shi ya kamata a yi a kai shi gaban alƙali. A ranar 20 ga Yunin 2016 ɗin nan Sanata John Cornyn ya kawo nasa tsarin, a dakatar da cinikin awa 72, gwamnati ta je ta gamsar da alƙali. Ya samu 53, shi ma ya faɗi, domin ɗaya ɓangaren sun ce kwana uku ya yi kaɗan kuma NRA na bayansa. Mai yiwuwa kwana ukun ya yi kaɗan ɗin, sai a yi ciniki a kan kwanaki, a mai da shi goma ko ashirin. Ba a yi ba, kowa ya ɗauki faɗuwar dokar ya tafi yaƙin neman zaɓe da ita.

Kuma ba a ce ba a iya raba mai haɗari da bindiga ta hanyar shari'a ba. Ana yi. A Yunin 2024 Kotun Ƙoli, wadda ake ganin ta cika da masu ra'ayin bindiga, ta yanke da alƙalai 8 da 1 cewa daidai ne a ƙwace bindigar Zackey Rahimi, wani mutumin Teksas da kotu ta ba umarnin ya nisanci uwar ɗansa bayan ya ci zarafinta. Dokar da aka kama shi da ita ta shar'anta cewa sai an sanar da mutum zaman kotun, an kuma ba shi damar halarta. Jihohi sama da 20 kuma suna da dokar da ke ba 'yan sanda, a wasu wuraren har da dangi, damar zuwa wurin alƙali su ce wane na neman hallaka kansa ko wasu, a karɓe makaminsa na ɗan lokaci. Fulorida ta yi tata bayan Parkland, kuma a can cikin kwana 14 dole a zauna a ji ta bakin mai bindigar. Ita ma wannan tana da abin dubawa, tunda ana fara karɓewa kafin a saurare shi, amma aƙalla ya san wanda ya kai ƙararsa, ya san abin da aka ce, ya san ranar da zai tsaya ya kare kansa, kuma umarnin yana da ranar ƙarewa. Kundin sirri ba shi da ko ɗaya cikin huɗun nan.

Abin da ke ba ni mamaki da 'yan siyasar can shi ne saurin mantuwa, kowa na gina ramin da tsawo kamar ba shi zai iya faɗawa ba. A 1956, bayan an jefa bam gidan Martin Luther King a Montgomery, ya nemi izinin ɗaukar bindiga don kare iyalinsa, hukumar garin ta hana shi, domin a idonsu a lokacin shi ne mai haɗarin. Nelson Mandela sai a 2008 aka share sunansa daga cikin waɗanda Amurka ke ɗauka 'yan ta'adda, yana dab da cika shekara casa'in. Bayan magoya bayan Trump sun afka wa ginin majalisa ranar 6 ga Janairu, 2021, Sanata Chuck Schumer ya fito ya ce a zuba su cikin jerin hana hawa jirgi, nan take waɗanda suka yi shekara ashirin ba su ga aibin jerin ba suka fara kuka da rashin adalci. Da aka gano an sa Tulsi Gabbard cikin wani shirin bin sawun matafiya a 2024, gwamnatin Trump da ta zo ta ba ta babban muƙami ta rushe shirin a Yunin 2025. Shirin da ya taɓa tasu aka rushe, babban kundin da ke cike da Muhammadu da Ali yana nan inda yake.

Kotuna sun ɗan taɓa shi, ba su girgiza shi ba. A 2014 wata mai shari'a a jihar Oregon ta ce hanyar da aka tanada don mutum ya nemi a cire sunansa daga jerin hana hawa jirgi ta saɓa wa tsarin mulki, shi ne daga 2015 aka fara gaya wa ɗan ƙasa cewa e, kana ciki, tare da ɗan taƙaitaccen dalili in an ga dama, amma ba zama gaba da gaba, ba ganin shaidu. Wanda ke babban kundin kuwa ko wannan bai samu ba, ba za a ce masa yana ciki ba, ba za a ce ba ya ciki ba. A 2019 wani alƙali a Virginia ya ba Musulmi 23 gaskiya a kan babban kundin, a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Dalilin da ta bayar shi ne, jinkiri da bincike a filin jirgi ba su kai a ce an ƙwace wa mutum wani haƙƙi ba, saboda haka ba dole sai an saurare shi ba. Da wannan hujja lauyoyin gwamnati ke kare kundin shekara da shekaru, cewa kayan aiki ne kawai na jami'an tsaro, ba ya raba kowa da komai. Masu son a hana sayen bindiga da shi suna neman a ɗauki wannan kundin dai, yadda yake, ba tare da an ƙara masa alƙali ko shaida ba, a raba ɗan ƙasa da abin da Kotun Ƙolinsu ta ce haƙƙinsa ne tun 2008.